Kwana Biyun Da Na Tsaya Awon Ƙarfe

Na san abin da aka gaya muku. Tun kuna ƙanana ake ɗura muku shi a kunne, a bakin kasuwa, a gidan suna, har a wurin wasa: wai ubanku ya bar uwarsa cikin ruwa ya zauna yana awon ƙarfe. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don kun san ni, in raina ya ɓaci bakina ba ya fitar da alheri. Amma yanzu ido ya fara gazawa, hannun ma ba ya riƙe sifana yadda ya kamata, kuma ran nan ina kwance na ji ɗayanku a zaure yana rantsuwa da Allah wai ƙarya ake yi mini. Kada ka ƙara rantsewa, ɗana. Ba ƙarya ba ce. Gutsure kawai aka ba ku, ni kuma yau zan ba ku labarin da kansa da ƙafarsa, in kun gama karantawa kowa ya yanke abin da ya ga dama.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya Haruna da ni. Ya ba ni shekara bakwai, kuma shi ya koya mini kanikanci tun daga wankin noti. Garejinmu na nan bakin ruwa a Wara, rumfar kwano ce da benci biyu. Kada wani ya ce muku baffanku bai san aiki ba, duk wanda ya faɗi haka maƙaryaci ne. Mutum ne da zai ɗora bakin sukuddireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka fistin na nawa ke ciwo. Daga Shanga, daga Yelwa, ake ɗauko injin a kawo masa don kunnen nan. Kuma a garejinmu, kamar kowane gareji na ƙasar nan, akwai dokar da ba a rubuta ba: ƙane ba ya bin bayan aikin wa da ma'auni. In Yaya ya ɗaure noti, ya ɗauru. Shekara ashirin da wani abu ina bin dokar nan, ban taɓa jin ta dame ni ba.

Muna da jirgi babba na katako, wanda ke ɗaukar mutane da buhuna ranar kasuwa. Injinsa ba irin na rataye ba ne, na ciki ne, mai silinda shida, mai shan fetur, tsoho tukuf, a gwanjo muka same shi. Inna kuwa tana tungarmu, can kan tsibiri inda aka haife mu. Mun yi mun yi ta dawo Wara, ta ce ita ba ta barin kabarin mijinta ta zo ta shaƙi hayaƙin babur. Maƙwabcinta Bitrus, wanda gonar shinkafarsa ke jikin tamu, shi ke duba mana ita. Matarsa ke ɗebo mata ruwa, ranar Kirsimeti su aiko mata da tuwo, ranar Salla ta aika musu da nama. Ƙafafunta sun riga sun kumbura a lokacin, da sanda take zuwa bayan gida.

Ƙarshen daminar shekarar da abin ya faru injin ya yi zafi a tsakiyar tafki, ciyawa ta toshe mashigar ruwan sanyaya shi. Da muka kwance muka tarar kan injin ya gantsare, sanduna huɗu kuma sun lanƙwashe. Ni na ɗauki kan na kai Kontagora aka gurje shi ya miƙe. Mai gurzar, wani dattijo mai tabarau, da ya gama sai ya riƙe ni a bakin ƙofa.

"Wannan kan an taɓa gurzarsa kafin ya zo hannunku," in ji shi. "Ni kuma na ƙara ci sosai kafin ya daidaita. In kun je ɗaurawa ku auna sandunanku. Kada ku yarda da ido."

Ku da ba ku bi sana'ar ba, bari in yi muku bayani a gajarce, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane sauran ba. A cikin irin wannan injin akwai sandunan ƙarfe sirara goma sha biyu, mu muna ce musu fushrod. Kowace tana tsaye a kan wani ɗan kofi mai cike da mai, ana ce masa lifta. Ta sama kuma tana tura roka, roka ta danna bawul ta buɗe, mai ya shiga ko hayaƙi ya fita. Dole sandar ta ɗan danne kofin nan, kaɗan, ba da yawa ba. In ta gaza, injin ya yi ta ƙwanƙwasa. In ta wuce, bawul ba za ta rufe ruf ba. To in an gurje kan injin, ya sauko ƙasa ke nan, sandunan kuwa tsawonsu na nan, sai su zama sun yi yawa ba tare da kowa ya taɓa su ba. Mugun abin shi ne wannan ciwo ba ya nuna kansa a bakin gaɓa. Injin zai tashi, ya yi kuka mai daɗi. Sai an yi lodi, ya ɗau zafi, an ba shi wuta sosai, sannan ya fara tari, ƙarfi ya zube, wani lokaci ya tofo wuta ta kafireto, inda mai ke shiga. A cikin jirgin katako kuwa, kusa da jarkokin fetur.

Ranar Talata na dawo da kan, na tarar gari ya rikice. Ruwa na hauhawa tun kwana uku, irin hawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ƙananan jirage suna ta kwaso mutane daga tungayen kusa. Namu tsibirin ya fi nisa, kuma kafin ka kai sai ka ƙetare inda tsohon kogi ke gudu a ƙarƙashin tafkin, wurin da ruwa ke da ƙarfi kuma kututturan itatuwa ke ɓoye. Jirage biyu sun yi ƙarfin hali sun je sun kwaso yara da masu goyo. Suka dawo suka ce Inna ta ƙi shiga. Ba ta iya tsugunawa a ƙaramin jirgi da ƙafafun nan, kuma ta gaya musu a gaban kowa:

"Ku tahi da yara. Jirgin ɗiyana na tahe."

Laraba da sassafe Yaya ya tura ni neman fetur, don ya yi wuya a garin. Kafin in dawo da hantsi ya riga ya ɗaura kan, ya jera sanduna, ya rufe murfi. Ina isowa da jarkoki a kan babur ya tayar da injin. Wayyo, kuka ne kamar a yi rawa. Mutanen da suka taru a gaɓa, yawancinsu masu 'yan uwa a tsibirin, suka ɗauki kabbara. Tafkin kwance yake lumui, ko iska babu. Ni kuwa maganar dattijon nan ce a raina, na gaya wa Yaya ita tun jiya, ya ce ya ji. Na matsa kusa, na rage murya iyakar iyawata.

"Yaya, an auna sandunan?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Ɗora mai."

"Yaya, mutumin ya ce..."

"Mi kac ce?" Ya juyo yanzu, kuma da ƙarfi ya yi maganar, kowa ya ji. "Ni za ka bi baya da ma'auni, Ummaru? Ba ka da kunne? Injin ga lahiyatai lau. Ɗora mai, bayan azahar mu tashi."

Wani tsoho a gefe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Yaro! Ina da shekara arba'in da uku a lokacin, da ku huɗu a gida. Na haɗiye, na ɗora mai. Amma da aka kira azahar kowa ya nufi masallaci, ni sai na ce ina zuwa. Na shiga jirgin, na kwance murfin. Na ce wa kaina ɗaya kawai zan duba, in ta yi daidai in rufe, ba wanda zai sani. Awon ba shi da wuya. Za ka juya injin har bawul ɗin silinda su rufe, ka sassauta notin roka, ka riƙe sandar da yatsa biyu kana murza ta, ɗaya hannun yana ɗaure notin a hankali. Inda ka ji sandar ta fara ƙin juyawa, nan ne mafari. Daga nan sai ka ƙirga juyin da sifana za ta yi kafin noti ya zauna. Rabin juyi zuwa juyi ɗaya, lafiya. Ta farko ta ba ni ɗaya da rabi. Na ce ko ni na yi kure, na sake. Ɗaya da rabi. Na koma ta uku, ta wuce juyi biyu ba ta zauna ba. Innalillahi. Na zare ta, na zare wadda ke kusa da ita, na tsayar da su a kan benci, sai ga ɗaya ta fi ɗaya da kamar kaurin farce. Nan na gane abin da ya faru. Sanduna huɗun da suka lanƙwashe, Yaya ya maye su da waɗansu daga cikin daron tsofaffin ƙarafa, na wani injin daban ne masu kama da namu, aka wanke su duka a kwano ɗaya na kananzir suka gauraye.

Ina nan tsugune aka sallame salla. Yaya ya iso ya ga injinsa a buɗe, roka a zube. Ya sauko cikin jirgin ya ɗauke ni da mari, a gaban jama'a, har hulata ta faɗa ruwa. Tun ina ɗan shekara goma rabon da ya taɓa ni.

"Uwakka na cikin ruwa kana wasa da ƙarhe! Mai da su yanzu-yanzu!"

"Ba ni mai da su haka, Yaya. Sun yi tsawo. Taho ka murza ka ji da hannunka."

"Ni ba ni murza komi. Kunnena ya ji."

Aka kira Sarkin Jirgi, dattijon da ke kula da tashi da saukar jirage a gaɓar. Ya zo da sandarsa ya tsaya a kanmu. Shi bai san injin ba, ruwa ya sani. Ya saurari Yaya, ya saurare ni, sannan ya dube ni cikin ido.

"Ummaru, tsakaninka da Allah. In anka tahi hakanan, mi za ya hwaru?"

Ku ji nan da kyau, don a nan ne na iya ceton kaina da ƙarya ban yi ba. Da na ce masa lalle injin zai mutu, da ya hana tafiyar da bakinsa, laifin ya rabu biyu. Amma ban san haka ba. Na ce masa wataƙila a je a dawo ba abin da ya faru. Wataƙila kuma a dawowa, da lodi, a kan tsohon kogi, ya mutu ko ya kama da wuta. Ya ce wanne ya fi yawa? Na ce Allah kaɗai ya sani.

"Jirginku na, uwakku ta," in ji shi. "Ni ba ni shiga tsakanin ciki ɗaya."

Ya juya ya tafi abinsa. Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki sifana. Ban san lokacin da na zare sandunan nan duka goma sha biyu ba, na naɗe su a cikin rigata, na rungume a ƙirji na fito daga jirgin. Ba sanduna, ba injin. Mutane suka yi ca a kaina. Wata mata da mijinta makaho ke tsibirin ta bi ni tana tsine mini har bakin rumfa. Ban ga laifinta ba, ko a ranar. Abin da ke cikin kaina shi ne, in jirgin nan ya tsaya a kan tsohon kogi, ba matasa ne a ciki ba da za su yi iyo. Tsofaffi ne, da makaho, da Inna da ƙafafunta. Na taɓa tsamo gawa a wurin nan, na san yadda ruwan yake yi da mutum.

Ina cikin rumfa ina jera sandunan wayata ta yi ƙara. Bitrus ne. Ya ce ruwa ya shiga ɗakuna, sun kwashe tsofaffi sun hau tudun tsamiya, cajin wayarsa saura kaɗan. Sai ya ce ga Inna.

"Ummaru, kun taso?"

"Inna, tukuna. Akwai ɗan gyara."

"Haruna ya ce an gama tun sahe."

"Saura kaɗan, Inna. Gobe in sha Allahu."

Ina jin kukan awaki a bayanta. Sannan ta ce, "To. Allah shi kai mu." Wayar ta katse.

Na ɗauki gilashin taga na kwantar da shi a kan benci, na mirgina kowace sanda a kai in ga ko ta miƙe, na jera su kai da kai. Takwas namu ne, huɗu baƙi. Takwas ɗin ma sun yi tsawo saboda gurzar da aka yi, amma su akwai dabara, sai a sa siririn washa a ƙarƙashin kowace roka a ɗaga ta kaɗan. Huɗun nan kuwa ba dabara, sai an samo na ainihi. A Wara babu. Yaya ya zauna a kan ɗaya bencin, bai taɓa komai ba, yana kallon tafkin da ke kwance kamar tabarma har rana ta faɗi. Da na shiga gida bayan magariba da ƙunshin sandunan a hammata, uwarku ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina.

"Malam, ka mai da mashi ƙarhenai."

"Ke ma?"

"Ni ban san injin ba. Amma in jirgi ya nutse, ku biyu za a zaga. In wani abu ya sami Inna, kai ɗai na."

Na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini, na ce ni ba zagi nake gudu ba. Ta ɗauke ku ta shiga ɗaki. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Tuwon nan ban ci ba.

Alhamis ina idar da asuba na hau babur zuwa Yelwa da sanda ɗaya ta ainihi a aljihu. Hanya duk ta lalace da ruwa, wuri biyu sai da aka ɗaga babur a ka. Na bi masu sayar da kayan injin shago-shago, kowa ya fito mini da mai kama, in ɗora a kan tawa in ga ta fi ko ta gaza. Wani har ya yi mini dariya, wai malam wannan ɗan bambancin ai ido ma ba ya gani. Na ce masa ido ba ya gani, ruwa na gani, ba ni wuri. Sai da hantsi ya ɗaga sosai na samu a wurin wani mai tsofaffin ƙarafa a bayan tasha, cikin wani mataccen injin irin namu da kaji ke kwana a kai. Na zaro shida na zaɓi huɗu. Na sayi fallen tagulla siriri a wurin maƙera, na kamo hanya. Duk tsawon hanyar nan ina ganin hadari na haɗuwa baƙi ƙirin a gabas, ina roƙon Allah ya riƙe shi.

Na iso na zauna yankan washa da almakashin kwano, goma sha biyu, kowanne sai an huda an goge bakinsa. Tagullar ta yayyanka mini yatsu, jini na ɗiga a kan roka ina sharewa da riga. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, in murza sanda, in ɗaure noti, in ƙirga. Wadda ta wuce juyi ɗaya in kwance in ƙara washa, wadda ta gaza rabi in rage. Mutane sun zagaye jirgin, ba mai ce mini sannu. Ana ta ce mini yi sauri da ido. A ta tara hannuna ya so ya yi ha'inci, ta ba ni ɗaya da kwata, zuciyata ta ce bar ta haka. Na kwance ta. In zan bar wannan, to me ya sa na tsayar da jirgin tun jiya? Na gama ta goma sha biyu ana kiran la'asar. Na rufe murfi, na tayar, ya kama. Ina ɗaga kai iska ta bugo ni a fuska, tafkin da ke kwance jiya ya tashi tsaye. Sarkin Jirgi ya ɗaga sandarsa ya ce ko ɗan wa ye ba ya taɓa ruwa yau. Aka tsuge da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Na kira wayar Bitrus, a kashe.

Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni a cikin ruwan, dukanmu mun jiƙe sharkaf. Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun rigimar jiya.

"Da mun tashi jiya, da yanzu tana ɗakina tana shan kunu."

Ruwan nan bai ɗauke ba sai gab da asuba.

Juma'a gari na wayewa muka tashi, Yaya a kan sitiyari, ni a gindin injin. Tungarmu ba ka ganin komai sai rufin ɗakuna da kan rumbuna. Mutanen suna kan tudun tsamiya, wuri bai fi filin masallaci ba, su da awaki da kaji a cakuɗe. Bitrus ya shigo ruwa har ƙirji ya kama igiya. Inna na zaune a jikin tsamiyar, matar Bitrus ta lulluɓe ta da zanenta da ledar taki, ta rungume ta ta baya. Leɓɓanta sun yi fari, tana rawar ɗari, numfashinta na fita da ƙara.

"Mun yi ƙoƙari, Ummaru," in ji Bitrus. "Itacen duk ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Tun jiya da la'asar take haka."

Ni da Yaya muka ɗauke ta muka sa a jirgi. Ta dube mu ta ce, "Kun zaka," ta rufe ido. Aka loda tsofaffi, aka loda makahon nan, aka loda abin da ya tsira na hatsi da dabbobi, har jirgin ya zauna sosai. Da muka iso kan tsohon kogi ruwan ya zama ja, yana tafe da itatuwa sukutum. Ya kama hancin jirgin ya fara karkata shi. Yaya ya ba injin wuta har ƙarshe, ya riƙe shi a nan, ba sassauci, tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba. Wani kututture ya wuce mu har ya gogi katako, mata suka sa salati, matar Bitrus na kiran Yesu. Ni tafin hannuna na kan murfin injin, zafi na cina ban ɗauke ba, ina jiran tarin nan. Bai yi ba. Ko sau ɗaya bai yi ba, har muka fita ruwan ya kwanta. Na sunkuyar da kai na yi kuka, ba wanda ya kula. Da muka daki gaɓar Wara Yaya ya kashe injin ya dube ni.

"Ka gani? Da ma lahiyatai lau."

To ga inda maganar take, 'ya'yana. Ba ni da abin da zan nuna masa. Injin da bai mutu ba ba ya ba da shaida. Ni na san abin da yatsuna suka ji, juyi biyu ba rabin juyi ba ne, kuma har gobe in aka kawo mini injin da aka gurje kansa sai na auna. Amma ko da mun tafi ran Laraba da mun dawo lafiya? Yana yiwuwa. Na faɗa wa Sarkin Jirgi haka a ranar, kuma ban canza ba. Baffanku ya yi imani da mun dawo lafiya, kuma ba mahaukaci ba ne. Shekarun nan duka ina juya abin a raina, in kwanta da shi in tashi da shi, ban kai ƙarshensa ba. Abin da na sani tabbas shi ne ni na tsayar da jirgin, ba wanda ya sa ni, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Muka kai Inna asibiti a Yelwa. Suka ce sanyi ya shiga ƙirjinta, ga shekaru. Yaya ke jinyar safe, ni ta rana, in na shigo ya fita. A kwana na takwas ta ɗan farfaɗo har ta sha kunu cokali uku. Ina zaune a bakin gado ta kamo hannuna, ta juya shi tana duban yankan tagullar da bai gama warkewa ba.

"Haruna ya ce ka tsaya awo."

"Na tsaya, Inna."

"Ka san ina can?"

"Na sani."

Na jira ta zage ni, ko ta ce ta yafe. Wallahi kowanne ta yi da na samu sauƙi. Ta daɗe tana shafa yatsun nan da babban yatsanta, numfashinta na ƙara.

"Na ji ɗari, Ummaru," ta ce. "Dare biyu. Na ji ɗari ƙwarai."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta saki hannun ba har barci ya ɗauke ta, ni kuma ban motsa ba har aka kira la'asar. Bayan kwana uku ta rasu, da hantsi, a jinyar Yaya.

Tsibirin na ƙarƙashin ruwa, ba halin kai ta kusa da mijinta yadda ta so, sai a Wara aka yi mata sutura. Mu biyu muka shiga kabarin, shi ya karɓi kai, ni ƙafafu. Muka kwantar da ita, muka jera itace. Ni na riga shi fitowa, na juya na miƙa masa hannu in jawo shi. Ya dubi hannun, ya kama na mutumin da ke kusa da ni.